Maki Gyara Ne, Ba Guzuri Ba

Wasiƙun da suka iso wannan fili a makon nan sun haɗu a kan magana ɗaya, wato hutun ƙarshen mako da abin da ke biye da shi na masauki da cin abinci a waje. Mun zaɓi uku daga cikinsu, dukansu daga Maradi.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni malamin makaranta ne, ina zaune a unguwar Ali Ɗan Sofo da uwargida da yara biyu, namijin yana da shekara 11, macen tana da 7. Kwanakin baya an tura ni wani taron ƙara wa juna sani a Yamai, aka sauke mu kwana uku a wani babban otel, kuma ranar da za mu taso ma'aikaciyar da ke tarbar baƙi ta rubuta sunana cikin tsarinsu na tara maki, ta ce idan makin ya taru ana kwana kyauta. Tun daga ranar saƙonninsu ba su daina shigo mini a waya ba. Yanzu na tara jaka 150 ina so in fitar da iyali su sha iska, daga Jumma'a bayan an sauko masallaci zuwa Lahadi da dare, domin Litinin da safe ina da aji. Uwargida Damagaram take so, don ba ta taɓa zuwa ba, ni kuwa ina ganin asara ce in bar makin da na fara tarawa a Yamai. Ina ya kamata mu nufa?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Uwargida ta fi ka gaskiya a wannan magana, kuma zan nuna maka dalili da lissafi, tunda lissafi sana'arku ce.

Mu fara da hanya. Daga Maradi zuwa Yamai kimanin kilomita 660 ne, ta Gidan Rumji da Madawa da Galmi da Ƙonni da Dogon Dutsi da Dosso, kuma manyan motocin fasinja da asuba suke tashi su wuni a hanya. Wanda aikinsa bai tashi ba sai Jumma'a da azahar ya riga ya rasa motar ranar, don haka Asabar zai tafi, ya isa da yamma a gajiye, ya kwana ɗaya, Lahadi da asuba ya sake ɗaukar jaka. Yaran ba za su ga gidan tarihi na Bubu Hama ba, ba za su tsaya a kan gadar Kennedy su kalli kogin Isa ba, abin da za su riƙe a ransu shi ne bayan kujerar da ke gabansu. Damagaram kuwa kimanin kilomita 240 ce, tafiyar awa huɗu ko ƙasa da haka, ta Cadawa da Agye da Gazawa da Tasawa da Takeita. Idan kuka tashi da ƙarfe biyu da rabi, za ku yi magariba a masaukinku, Asabar gaba ɗayanta taku ce, har da safiyar Lahadi.

Sai batun makin. Kafin ka ƙara tunani a kansa, ka buɗe asusun da aka yi maka ka dubi adadin da ke ciki, domin a yawancin waɗannan tsare-tsare wanda ya biya kuɗin ɗaki da kansa shi ake rubuta wa maki, kuma ɗakunan da wata ƙungiya ta kama wa mahalarta taro a dunƙule, ta biya a takarda ɗaya, galibi ba sa kawo wa baƙo komai. Ina kyautata zaton abin da za ka tarar bai kai kuɗin shayin safe ba. Ko da an rubuta maka kwanakin ukun, ga yadda ma'aunin yake. Zan ɗauki tsarin kamfanin Accor misali, saboda shi ne ya yanke wa makinsa farashi a fili: maki 2000 daidai yake da yuro 40, kuma sabon mamba yana samun maki 25 a kan kowane yuro 10 da ya kashe a yawancin otel-otel ɗinsu. Kenan sai mutum ya kashe yuro 800 kafin a mayar masa da yuro 40. Tunda yuro ɗaya sefa 655,957 ne a ƙayyade, wato sefa 656 in an cike, maganar ita ce ka kashe kusan jaka 525 a ba ka jaka 26, biyar cikin ɗari ke nan. A ƙananan otel ɗinsu masu suna ibis rabin haka ake bayarwa. Sauran kamfanoni kowa da irin ƙidayarsa, amma duk a wannan unguwa suke zagaye, kuma ba a lissafa haraji cikin kuɗin da ake ba da maki a kansa.

Wannan abu ba baƙo ba ne gare mu. Gyara ce, irin wadda mai tumatir take ɗora maka a bakin kwano bayan an gama ciniki. Gyara tana da daɗi, kuma ba a ƙin karɓarta, sai dai ban taɓa ganin wanda ya hau kabu-kabu daga unguwar Zariya zuwa babbar kasuwa don gyara kaɗai ba. Kuɗin motar mutum huɗu zuwa Yamai da dawowa, da kwana ɗaya a irin otel ɗin da aka sauke ku, za su lashe jaka 150 ɗinka kafin a kawo maganar abinci, duk don a ƙara maka makin da ba zai sayi kwana ɗaya ba. Garin neman gira a rasa ido ke nan. Saƙonnin da ke shigo maka kuwa aikinsu suke yi, an tsara su ne don mutum ya ji kamar ya bar wata dukiya a baya.

To, Damagaram. Ka ba Birni, wato tsohon gari, safiyar Asabar tun rana ba ta yi zafi ba. Ku fara da fadar Sarkin Damagaram, wadda gininta ya samo asali tun tsakiyar ƙarni na 19, kuma ku bi ladabin da kuka sani na fadar Sarkin Katsinan Maradi: a gaida dogarai a ƙofa, a faɗi abin da ya kawo ku, a bari su haɗa ku da wanda zai zagaya da ku, a tuɓe takalmi inda aka ce a tuɓe, a nemi izini kafin a ɗaga waya don hoto, sannan a yi wa mai rakiya alheri idan an gama. Yaronka ya kai shekarun da zai riƙe labarin Sarki Tanimun, wanda ya yi mulki har zuwa 1884, ya kewaye garin da ganuwa, ya sa aka ƙera bindigogin igwa a cikin gari, ya mai da Damagaram zangon ayarin da ke tsakanin Kano da Tarabulus. Kafin ma ku iso, idan mota ta wuce Takeita, ka nuna masa Tirmini, inda dakarun Sarki Amadu Kuran Daga suka kara da sojojin Faransa a 1899, shekara ɗaya bayan an kashe Kyaftin Cazemajou a Damagaram. Daga baya garin ya zama hedikwatar mulkin mallaka na ƙasar nan, har 1926 da aka mayar da ita Yamai. Malamin makaranta ba ya bukatar in tsawaita masa wannan, amma karanta abu a allo daban, tsayawa a gabansa daban.

Daga fada ku shiga lungunan Birni da ƙafa. Abin kallo a nan gidajen ƙasa ne masu zanko a saman soro da zanen da magina suka fitar a jikin bango kewaye da ƙofar zaure, wasu an shafa musu launi, wasu an bar su da jar ƙasarsu, ga kuma manyan duwatsun da suka tsaya a tsakanin gidaje kamar an ajiye su da hannu. Akwai gidan da ake nunawa inda Bajamushen nan mai yawon bincike, Heinrich Barth, ya sauka lokacin da ya zo garin a ƙarshen 1852. Gargaɗi ɗaya: tsohon sansanin Faransawa da ke kan tudu barikin soja ne har gobe, don haka a kalle shi daga nesa, kada yaro ya nuna shi da waya. Da la'asar ku gangara unguwar Zango wajen dukawa, uwargida ta zaɓi jaka ko takalmi ko matashin fata, a yi ciniki a natse. Idan da sauran ƙarfi ranar Lahadi da safe, Miriya ba ta kai kilomita 20 daga gari ba, ranar kasuwarta ce, kuma an san ta da tukwane da tuluna. Amma ku kama hanyar gida kafin ƙarfe biyu, domin tafiyar dare da yara ba dabara ba ce.

Game da masauki, ba a fafe gora ranar tafiya. Ka kira tun ranar Laraba, kuma kafin ka tambayi kuɗin ɗaki ka tambayi ruwa. Damagaram a kan dutse take zaune, daga nesa ake jawo mata ruwa, kuma ƙarancinsa tsohon ciwo ne da duk mutumin garin ya sani. Wata shekara cikin bazara na sauka a wani otel a can, ɗaki mai kyau, gado da farin zane, na'urar sanyaya ɗaki tana aiki, sai da na shiga kewaye na murɗa famfo ya yi mini tari sau biyu ya yi shiru. A bayan ƙofa na ga bokiti da moɗa an kife su, alamar cewa masu gidan sun san halin famfonsu, ni ne kaɗai ban sani ba. Sai bayan isha wani yaro ya hauro da jarka biyu yana haki. Tun daga ranar tambayata ta farko ita ce ko suna da tanki a sama, ta biyu ko injin wutarsu yana ɗaukar na'urar sanyaya ɗaki ko fanka kaɗai yake juyawa idan an ɗauke wuta. Ka tambayi ko kuɗin ya haɗa da karin kumallo, da ko za su ƙara wa yara katifa a ɗakinku maimakon ka kama ɗaki biyu. Ku tafi da katin shaidar ɗan ƙasa, kai da uwargida, domin za a cika takarda a wurin tarbar baƙi. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ne lokacin wannan tafiya, a Afrilu da Mayu kuwa zafi kan haura digiri 40, yara ba za su ji daɗin yawo ba.

A irin waɗannan otel-otel namu babu kati, babu maki, amma akwai abin da ya fi su tsoka, wato magana da mai gida. Ka ce masa kwana biyu za ku yi, da iyali kake, kuma kuɗi a hannu za ka biya, sannan ka nemi ragi. A ce ɗakin jaka 20 ne ya bar maka a 18, ka sami goma cikin ɗari nan take, ninki biyu na abin da babban kamfani zai ba ka bayan shekara. Idan kun ji daɗin wurin ka riƙe lambarsa, domin zuwa na biyu ya fi na farko sauƙi.

Abinci kuwa, shawarata a zauna a gidan abinci sau ɗaya kawai, daren Asabar, a ci abin da ba a saba dafawa a gida ba, yara su koyi zama a teburi da jiran a kawo. Sauran lokutan ku ci abin garin: burabusko da miya da rana, tukuɗi mai dabino da cuku idan rana ta take, balangu da yamma a wurin da kuka ga ƴan gari sun yi layi, da safe kuma mai shayi da ƙosai sun fi busasshen burodi da bota na otel. Ku sayi ruwan gora saboda yara. Tsarabar Damagaram alkaki ne da kilishi, kuma a ware kuɗinsu tun daga gida, in ba haka ba dukawa za su cinye su.

Katin naka kada ka jefar, ba ya cin komai. Idan an sake tura ka taro ka miƙa lambarsa a rubuta abin da za a rubuta. Yamai kuwa a bar ta sai babban hutu, lokacin da za ku iya ba ta kwana huɗu.

TAMBAYA: Ni ƴar kasuwa ce a Mokoyo, ina saro atamfa da leshi da kayan ɗaki, kuma a shekara nakan je Dubai sau biyu ko uku, ina kuma zuwa Umra idan Allah ya hore. Ɗana ya matsa mini in yi rajistar wannan maki, ya ce na yi shekaru ina zubar da kuɗi a ƙasa. Shin gaskiya ne? Kuma babu shubuha a cikinsa?

AMSA: Hajiya, Allah ya ƙara buɗi. Ɗanki yana da gaskiya, amma rabi. Irinku aka yi wa wannan tsari, masu kwana 20 ko 30 a otel cikin shekara, domin biyar cikin ɗari na kuɗi mai yawa abu ne da ake gani, kuma yawan kwana yana ɗaga darajar mamba. A tsarin Radisson, alal misali, wanda yake da otel a Yamai tun 2019, shekarar da aka yi taron ƙolin Tarayyar Afirka a can, matakai uku ne, kuma kwana biyar ko sauka uku sun isa a hau mataki na biyu. Abin da hawa mataki ke kawowa, kamar ƙarin maki, ko a ba ki ɗakin da ya fi wanda kika kama idan akwai, ko a bar ki ki wuce lokacin fita ranar da jirginki na dare ne, sau da yawa ya fi makin kansa amfani ga matafiyi.

Rabin da bai gaya miki ba shi ne sharuɗɗan. Na farko, sai otel ɗin da kike sauka yana cikin rukunin kamfanin, kuma yawancin ƙananan masaukan da ƴan kasuwarmu suke sauka a unguwar Deira ba sa cikin kowane rukuni. Idan kina biyan kuɗi kaɗan a wurin da kika saba, kusa da shagunan da kike saro kaya da masu ɗaure miki su, kada ki koma otel mai tsada don maki, domin abin da za ki ƙara ya fi abin da za a mayar miki. Na biyu, sai an kama ɗakin kai tsaye daga otel ɗin ko shafinsa na intanet, da sunanki kamar yadda yake a fasfo. Wanda ya bi ta shafukan dillalai irin su Booking.com ba ya samun makin otel. Wannan sharaɗi shi ne ya shafi Umra. Manyan otel-otel ɗin da ke hasumiyoyin agogo a bakin Harami, irin su Fairmont da Swissôtel da Pullman Zamzam da Mövenpick, duk na rukunin Accor ne, Hilton da Marriott su ma suna da nasu a Makka, amma idan kamfanin jigilar alhazai ne ya haɗa miki biza da jirgi da ɗaki a kuɗi ɗaya, ɗakin a farashin ayari aka saye shi, kuma bisa al'ada ba a ba da maki a kansa. Na uku, maki yana mutuwa. A Accor idan aka yi kwana 365 ba a sauka ba sai ya goge, a Hilton da Marriott wata 24 ne. Kamfanonin suna sauya dokokinsu lokaci zuwa lokaci, don haka ɗan naki ya karanta miki su ranar da za a yi rajista.

Ki zaɓi rukuni ɗaya ki tsaya a kansa, domin makin da aka warwatsa a gida uku ba ya tara komai. A yi rajistar da lambar wayarki, ki riƙe kalmar sirrin da kanki, saboda maki kuɗi ne kuma ana sace shi. Rajista kyauta ce, duk wanda ya kira ki ya ce ki tura kuɗi a buɗe miki asusu ko a saki makinki, ɓarawo ne.

Batun shubuha kuwa, hukunci na malamai ne, amma ga surar abin yadda za ki kai musu: kin biya kuɗin ɗaki kin kwana, mai otel ya yi alkawarin ragi a zuwa na gaba, babu rance a ciki, babu kuɗin shiga, babu ƙuri'a. Wannan dabam yake da katin bashi na banki da wasu kamfanoni suke haɗawa da makin, wanda ruwa yake hawa kansa idan an yi jinkirin biya. Ki bambanta su biyun idan kin je tambaya.

TAMBAYA: Wata biyu ke nan da aurena, ina aikin gyaran waya a bakin kasuwa. Ba ni da kuɗin otel, abin da ke hannuna jaka 25 ne, amma ina so ranar Lahadi in fita da amarya mu ga wani wuri, da dare kuma mu ci abinci a gidan abinci. Ban taɓa shiga irin wurin ba, ina tsoron in ji kunya a gabanta.

AMSA: Allah ya ba da zaman lafiya, ƙanena. Jaka 25 ta isa har da canji. Ku tafi Madarunfa da safe, ba ta wuce tafiyar kilomita 25 kudu da Maradi ba. Akwai tafki babba da masunta da kwale-kwalensu da tsuntsayen ruwa, ga kuma kaburburan waliyyai 99 da ake faɗa a kewayensa, waɗanda mutane suke zuwa ziyara daga nesa. Idan za ku shiga kwale-kwale a gama ciniki a bakin ruwa, kuma idan amarya ta ce tana tsoro kada ka matsa. Ku tsaya a gari da bakin tafki, kada ku zarce ƙauyukan da ke wajen iyaka, kuma ku juyo gida da azahar.

Gidan abinci kuwa ba fada ba ce. Ka je kai kaɗai ranar Asabar ka leƙa, ka ga ko wurin iyali ne ko mashaya ce aka jera wa kujeru, ka karɓi takardar jerin abincin ka duba farashi, ka fita. Ba wanda zai tare ka. Ranar Lahadi idan kun zauna, ka bar ta ta fara zaɓa, amma da yake amarya takan ce duk abin da ka ci, ka riga ka tanadi abu biyu da za ka ambata mata, kamar gasasshiyar zabuwa da soyayyen dankali ko kifi da shinkafa. Abin da sunansa na Faransanci bai bayyana maka ba ka tambayi mai kawo abinci, aikinsa ke nan. Lemo da ruwa a kan lissafa su dabam, nan ne kuɗi yake hawa ba a sani ba. Gasasshen abu yakan ɗauki rabin awa ko fiye, don haka ku je bayan magariba ku ba da oda, ko ku bari sai an yi isha. Babu laifi a nemi ruwa a wanke hannu a ci zabuwa da hannu, ƙashinta ba ya jin cokali mai yatsu. Idan an gama ka nemi takardar kuɗi, ka duba ta a natse, ka biya, ka bar wa yaron da ya yi muku hidima dala 40 ko 100 tukuici. Abin da ya rage a faranti a ce a ƙunshe muku shi, kuma ka ƙara tsire na jaka ɗaya a hanya saboda mutanen gida, domin za a tambayi amarya abin da ta kawo.